Kwalin da Ke Ƙarƙashin Likkafani

Salamu alaikum Malam Edita, da dukan masu karanta wannan fili na ba da shawara. Ina gaishe ku daga Makka, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Na san da kun ji an ce Makka za ku ce ita kuma wannan baiwar Allah me ya dame ta, ga Ɗakin Allah a gabanta, ga zamzam tana sha kamar ruwan randa. To ku dai saurare ni. Sunana ban rubuta ba kuma ba zan rubuta ba, wanda kuwa zai zage ni, don Allah ya bari sai ya kai ƙarshe, don ni ma na zagi kaina har na gaji. Jaridarku takan zo mana nan a hannun alhazai, wani lokaci an naɗe goro ko daddawa da ita, nakan warware in karanta ko da ta yi wata huɗu. Na yi ajin yaƙi da jahilci a garinmu kafin mu taso, shi ya sa nake rubuta muku da hannuna. Amma Hausa kaɗai nake karantawa. Turanci ko kalma ɗaya ban sani ba, kuma ku riƙe wannan, don ta nan masifar ta shigo mini.

Ni mutuniyar ƙasar Kano ce. Shekara bakwai ke nan da muka zo aikin hajji da mahaifina ta hanyar Sudan, Allah ya yi masa rasuwa a Mina, ni kuwa ban ga wanda zan koma in tarar ba, sai na zauna wurin wasu mutanen garinmu. Har yau ba ni da igama, wato takardar izinin zama. Maigidana Bahaushe ne, amma haifaffen nan, yana da takardunsa, yana tuƙa motar alhazai tsakanin Jidda da Makka. Wani malami a unguwa ya ɗaura mana aure, ba a rubuta shi a ko'ina ba. Muna da 'ya ɗaya, zan ce mata Nana, shekararta uku, kuma a takardar ubanta take. Kun gane abin da nake nufi? Ranar da ya ce in fita, ba ni da inuwar tsayawa. 'Yan jawazat, wato jami'an shige da fice, za su kama ni su saka a jirgin ruwa, Nana kuwa tana nan. An yi wa wata haka a layinmu ina kallo, har yau ina jin ihunta a kunnena.

Gida ɗaya muke da mahaifiyarsa, can gefen unguwar Misfala ta hanyar Kudai. A nan uwar miji Ammati ake ce mata, ni ma haka nake kiranta. Ta haura saba'in, a Makka aka haife ta, Hausarta rabi Larabci ce. Ba muguwa ba ce, wallahi ba zan yi mata ƙarya ba, amma tana da baki, kuma tana da abin alfahari guda ɗaya da kowa a unguwa ya haddace. Takan dafa cikinta ta ce, "Ni wannan cikin, tun da aka haife ni a Haramin Allah, bai san haram ba, bai san shubuha ba." Ko madarar gwangwani ba ta sha. In ɗanta ya shigo da kifin gwangwani sai ta ce a kai shi bakin ƙofa a ci, ita abin da ba ta ga hannun da ya yi shi ba ba ya shiga bakinta. Maigidana kuwa mutum ne mai haƙuri a kan kome, ban da uwarsa. A kanta sai ya rufe ido.

Akwai wata al'ada a nan da azumi. Kafin a buga igwar shan ruwa kowane gida sai ya aika wa maƙwabta faranti, kuma faranti ba ya komawa gida fanko. Abin da ake auna mace da shi a cikin farantin nan shi ne sambusa, wato kwaɓin fulawa da ake murzawa ya yi siriri, a naɗe niƙaƙƙen nama da albasa a ciki, a soya. Matan nan tun suna yara suke koya. Ni kuwa da na tashi da tuƙin tuwo da kirɓin fura, me na sani? In na kwaɓa ya yi tauri, in na ƙara ruwa ya manne a hannu, in na murza ya yage, in bai yage ba ya yi kauri. Azumina na fari a gidan, Ammati ta ɗauki tawa guda ɗaya ta ƙwanƙwasa a bakin faranti, gaban mata uku da suka shigo, ta ce, "Ya binti, wannan sambusa ce ko tafin takalmi? A ajiye ta, ma kai jifan shaiɗan." Aka fashe da dariya, ni ma na yi, amma na shiga ɗaki na yi kuka. Daga ranar aka mai da ni kan yankan albasa. Azumi uku ina yanka albasa, har matan layi in za su kwatanta ni sai su ce matar wane, mai albasa. Wanda bai zauna baƙo a cikin mutane ba ba zai san zafin wannan ba. Ba su kore ni ba, amma kullum ana tuna mini cewa zuwa na yi.

Ana saura sati biyu azumin bara, maigidana ya tafi da ni Jidda in gai da wata 'yar garinmu, zan ce mata Talatu, wadda take aikin wanki da shara a gidan wasu Turawa. Ya sauke ni ya wuce aikinsa. Talatu ta ce in raka ta sayayyar uwargijiyarta. Malam Edita, ban taɓa ganin kanti irin wannan ba. Babu mai auna maka, babu ciniki, kwando za ka ɗauka ka bi layi-layi kana zaɓa da hannunka, ga sanyi kamar an buɗe bakin rijiya. Ina biye da ita kamar baƙauya, don ita ce ni, sai ta ɗauko wani ɗan kwali mai hoton wani abu zagayayye da ya gasu ya yi ja. Na ce mene ne wannan? Ta ce, "Kwaɓi ne haɗaɗɗe. An riga an murje fulawar da mai da gishiri, ruwa cokali kaɗan za ki zuba, shi ke nan. Turawa nama suke zubawa a ciki su gasa. Ko yaro ya yi ba zai ɓaci ba." Na tsaya na ƙura wa kwalin ido. Na ce, ana iya soya shi? Ta ce me zai hana. Ina da 'yan kuɗina na ɗinkin hula ɗaure a bakin zane, na kwance na sayi biyu, na cusa su a ƙasan jakata. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai in tambayi wane mai ne ba. A ƙasa mai tsarki, a kanti mai fitila, wa zai kawo wa ransa wani abu? Talatu ma ba ta karatu.

Ranar uku ga azumi, da azahar, gida duk an kwanta ƙailula, na shiga madafa na ja ƙofa. Na zuba ruwa kamar yadda ta ce. Jama'a, abin nan ya haɗu a hannuna kamar yana jirana. Na murza, ya miƙe, bai yage ba, bai manne ba. Na naɗe na soya a risho. Da aka buga igwa na ajiye a gefen tabarma. Ammati ta ci dabino, ta kurɓi zamzam, ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya, tana tsammanin ta maƙwabta ce. Tana gatsawa ta narke mata a baki, ita da haƙoranta ba su fi shida ba. Ta ce, "Masha Allah! Daga gidan wa?" Na ce, ni na yi, Ammati. Ta dube ni, ta dubi sambusar, ta sake ɗaukar wata. Ta ce, "Wane mai kika sa? Akwai wani ƙamshi da ban sani ba." A nan ya kamata in faɗi gaskiya, amma na tuna kifin gwangwani da ake ci a bakin ƙofa. Sai na ji bakina ya ce, man shanun garinmu ne da na samu wurin Talatu, akwai yadda kakata take soya shi, sirrinmu ne, kuma in ana kallona ba ya yi. Ta ce, "Tayyib. Ashe akwai hannu a jikinki kika bar mu muna ta surutu."

Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na azumin nan ba, kuma wannan ma yana cikin abin da nake jin kunyarsa. Na aika wa Talatu, ta ɗauro mini kwalaye da yawa a cikin tsumma ta ba wata mai zuwa Makka. Na ɓoye su a ƙasan akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin farin yadin da na wanke da zamzam na ajiye don likkafanina, don na san ba mai taɓa wurin. Kullum da azahar in ja ƙofa in yi, in ƙone kwalin a murhu. Farantinmu ya zaga Misfala. Matan da suke ce mini mai albasa suka koma aiko da gaisuwa, wata har ta ce in koya wa 'yarta da za a aurar. Ammati in ta zauna cikin tsofaffi sai ta ce, "Bintina ta fi 'ya'yan Makka." Ni, bintinta, wato 'yarta! Maigidana ya riƙa cika kwano yana kaiwa Harami, a shimfiɗa a gaban Ɗakin Allah, bayin Allah daga ko'ina su buɗe baki da ita. Limamin masallacin unguwa ya ci ya sa mini albarka. Kaina ya yi girma har na fara manta cewa ba ni nake yi ba.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi fure har aikin hajji. Kamar kowane gida a nan, mukan matsa mu ba alhazai hayar ɗaki, wannan karon aka sauke mana wata malamar makarantar 'yan mata daga ƙasar Zazzau, mace mai natsuwa da tabarau. Da suka dawo daga Mina rigarta ta yage wurin jifa, ta shigo ɗakina neman allura. Akwai kwali ɗaya da ban ƙone ba saboda kyan hotonsa, a ciki nake zuba allura da zare. Na miƙa mata. Ta zaro allura, sai idonta ya tsaya a gefen kwalin, inda aka yi wasu ƙananan rubutu kamar ƙafar kiyashi. Ta gyara tabarau. Ta matsa bakin taga. Ta ce, "Hajiya, a ina kika tsinci wannan?" Na yi dariya na ce ai saya na yi, na ma fara ba ta labari, don ita baƙuwa ce, jibi za ta tafi. Ban kai ƙarshe ba na ga fuskarta ta canja. Ta ce, "Kin ci abin da ke ciki?" Na ce har na ciyar. Ta zauna a bakin gado, ta sa yatsa a kan wata 'yar kalma, ta rage murya ta ce, "Man da aka haɗa shi da shi, man alade ne."

Na ce Malama ki sake dubawa, ƙila idonki ne, gajiyar Muzdalifa ce. Ta ce ta karanta sau uku, kuma ta san kalmar sarai, don ta zauna da Turawa a makaranta. Na ce to ta yaya ya shigo ƙasar nan? Ta ce ita ma ba ta sani ba, rubutun ƙarami ne, ƙila ba wanda ya duba. Sai abubuwa suka riƙa zuwa mini ɗaya bayan ɗaya: kwanon Harami, liman, matan layi, bakin Nana duk maiƙo, Ammati tana dafa ciki. Na fita da gudu na yi ta amai a bayan gida, abin da na ci wata biyu da suka wuce nake son in amayar. Malama ta riƙe ni, ta ce, "Ki yi shiru kada a ji. Abin da aka yi cikin rashin sani Allah ba ya kama bawa da shi, ke da su duka. Ba zan gaya wa kowa ba. Amma Hajiya, daga yau kin sani." Ta tafi ƙasarsu da sirrina, Allah ya saka mata. Da a nan labarin ya tsaya, da ban dame ku da wasiƙa ba.

Kwali huɗu suka rage a akwati. Me ya hana ni zubar da su a ranar? Na ce wa kaina gida cike yake da baƙi, in bari su tafi. Da suka tafi na ce in na ƙona za a ji ƙauri, in na kai juji awaki za su tono, a ga hoton. Dalili dai bai ƙare mini ba har Ashura ta zo. Ammati tana da ƙawaye shida, tsofaffi, da suke haɗuwa karatun Alƙur'ani, kuma duk shekara a wurinta suke shan ruwan azumin Ashura. Da safe ta ce, "Ya binti, na yi musu alkawarin sambusarki, tun jiya suke zancenta." Na ce to. Na yi niyya, Allah shi ne shaidata, na yi niyyar in yi da hannuna. Na shiga madafa da azahar na kwaɓa fulawa da man shanu, na murza, na soya uku na gwaji. Tafin takalmi. Na sake kwaɓawa, wannan karon ya sha mai ya wargaje a kasko. Ina cikin na uku aka kira la'asar. Ina jin tsofaffin suna shigowa suna sallama, ina jin Ammati tana cewa, "Ku dai jira, yau za ku san Allah ya yi mini kyauta." Sai ta ƙwanƙwasa ƙofar da sandarta ta ce, "Bintina, lafiya? Ko in shigo in taya ki?"

Na ce a'a, na kusa.

Na zaga ta baya na shiga ɗaki, na buɗe akwati, na ɗaga likkafanina da hannun nan da nake rubutu da shi, na ɗauki kwali biyu. Ba wanda ya tilasta ni. Ba mantuwa na yi ba. Da na zo zuba ruwa na buɗe baki zan yi bisimilla kamar yadda na saba, sai na kasa, na zuba a haka. Kwaɓin ya haɗu lafiya lau kamar kullum. Na soya, na jera a babban faranti, na kai gaban tsofaffi bakwai da suka wuni da ƙishi saboda Allah. Na ce cikina yana ciwo, ba zan ci ba. Ina zaune ina kallo suka yi bisimilla suka buɗe baki da ita, suna ta sa mini albarka. Nana ta zo ta miƙa hannu, na buge hannun har ta yi ƙara. Kun ji irin mutuniyar da nake? Tawa na kare, na bar uwar wani. Ammati ta harare ni ta ce, "Haba, don me? Abin albarka za ki hana ta?" Ta jawo yarinyar kan cinyarta, ta gutsura ta sa mata a baki da hannunta. Ni kuwa ina kallo har ta haɗiye.

Tun daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Washegari na ɗauki kwali ɗaya a ƙarƙashin mayafi na kai can bayan Kudai na tura shi cikin ramin dutse na danne. Ɗayan kuwa yana nan. Zan iya ce muku mantuwa na yi, amma na gaji da ƙarya: barinsa na yi, kuma na san dalili. In na je Harami ba na iya ɗaga ido in kalli Ka'aba, ƙafafun mutane nake kallo har in gama ɗawafi. In an yi wa'azi a kan wanda yake cin haram yana ɗaga hannu yana addu'a, sai in ga kamar malamin ni yake nunawa. In mota ta tsaya a ƙofar gida gabana ya faɗi, in ce Talatu ta yi suɓul da baka, ko wani mai karatu ya gaya mata, ko wata a layin nan ta shiga kantin ta gane. Na rame, maigidana yana ta murna yana zaton ciki ne. Duk sanda aka nemi sambusa sai in ce man shanun garinmu ya ƙare, na nan kuma ba ya yi. Da wannan na lallaɓa wata bakwai.

Bayan Rajab ciwo ya kwantar da Ammati. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi yana yi mata wuya, likita ya ce zuciya ce da tsufa. Ni kuwa wata zuciyar tana ce mini, ke ce, cikin da bai taɓa sanin abin ba ne ya ƙi karɓa. Na san wannan ba magana ba ce, amma ku gaya wa zuciyata. Ni nake jinyarta, ni nake ɗaga ta, ni nake yi mata alwala, kuma duk abin da nake yi mata ban san ko ƙauna ce ko tsoro ba, don sun cakuɗe. Shekaranjiya da hantsi ina matsa mata ƙafa ta ce in jawo wani ƙunshi a ƙarƙashin gadonta. Na kwance, sai ga ƙatuwar kwalba cike da man shanu, rawaya shar, yana ƙamshin gida. Ashe tun bayan Ashura ta yi wa wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano saƙo, ba ta gaya mini ba. Tana murmushi ta ce, "Ga manki, babu sauran uzuri. Ban sani ba ko zan ga ƙarshen azumin nan, amma ranar farko da taki nake so in buɗe baki." Na riƙe kwalbar kamar na riƙe garwashi. Na ce Allah ya ba ki lafiya, Ammati, za ki ga azumi da yawa.

Ta ce, "Bar wannan, zauna ki ji." Ta kama hannuna na dama ta juya shi tana kallo. Ta ce, "Na raina hannun nan, na sa mata sun yi miki dariya. Ki yafe mini, ya binti." Na ce ba ki yi mini kome ba. Ta ce, "Na yi. Kuma na gaya wa ɗana, na gaya wa ƙawayena: in na cika, ke za ki yi mini wanka. Ba na son hannun kowa a jikina sai wannan. Shekara saba'in da wani abu na tsare cikin nan, zan je in gaya wa Ubangijina ga shi yadda ka ba ni, ina so hannu mai tsarki ya shirya ni." Ta ɗora tafina a kan cikinta ta danne. Na fashe da kuka, ta yi ta shafa kaina tana cewa in yi haƙuri, mutuwa ba abin tsoro ba ce. Ta ɗauka ita nake yi wa kuka.

To ga ni, jama'a. Saura kwana goma sha ɗaya a ga wata. Na san wasiƙar nan kafin ta isa gare ku, kafin amsarku ta dawo naɗe da goron wani alhaji, ƙila abin da zai faru ya riga ya faru, amma ba ni da wanda zan gaya wa a garin nan. In na je wurin limamin unguwa, shi ma ya ci. In na gaya wa Ammati, na ƙwace mata abu ɗaya tak da take taƙama da shi a gaban Allah, a kan gadon mutuwarta, kuma zuciyar da likita ya ce a lallaɓa, in ta tsaya fa? Na farko za ta iya cewa rashin sani ne, amma na Ashura me zan ce? In ta sani ɗanta ya sani, kuma na gaya muku yadda yake a kanta. Ba zai doke ni ba, ƙofa kawai zai nuna mini, in ƙare a jirgin ruwa, Nana ta tashi tana jin ana cewa uwarta ce ta ciyar da Misfala alade. In kuma na yi shiru, in tafi da shi har yaushe? Haƙƙin mutum ba a yafe shi sai mai shi ya yafe, ita kuwa ta nemi tawa yafiyar a kan 'yar dariya, ni ban nemi tata ba a kan wannan. Malamai masu karanta jaridar nan, tuba tsakanina da Allah ya isa, ko dole sai ta ji da kunnenta? Ya halatta in wanke ta tana zaton abin da ba shi ba?

Sannan ga ranar farkon azumi. In na kwaɓa da man shanun nan, tafin takalmi zai fito, kuma Ammati ciwo bai taɓa hankalinta ba, za ta tambaye ni ina wancan ƙamshin. Na rantse ba zan sake taɓa kwalin nan ba ko za a yanka ni. Amma haka na rantse da safiyar Ashura, kuma yau da na buɗe akwati zan ɗauko takardar da na rubuta muku wannan, na ɗaga likkafanin na duba, yana nan.

Ga Ammati can tana kirana in zo in yi mata alwalar azahar. Don Allah, don Annabi, me zan yi?